Gidan da Ya Koma Tanderu: Da Wane Mudu Za a Auna Shi?

Idan watan Afrilu ya kama, sabbin unguwannin Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan tona wa maginansu asiri. Ga gida sabo fil an narka masa miliyoyi, rufi baƙi ƙirin mai tsini, tagogin gilashi masu zugewa, silin mai ado da fitilu kala-kala, tsakar gida an shafe da siminti ko darbejiya ɗaya ba a bari ba. Amma da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da zarar an ɗauke wuta, mai gida da iyalinsa suna waje a kan tabarma, domin ɗakin ya koma tanderu, bangon ma in ka dafa shi sai ka ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Shekara da shekaru ana ɗora wa bazara laifin, ana cewa sai haƙuri. Kuɗi ne suka sauya zancen. An janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ake tayarwa da lissafi. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225, kafin a ɗan sassauto da shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. Shi ya sa tsohuwar maganar nan ta sake samun masu saurare: a sa sharaɗin tsimin makamashi cikin ƙa'idar ginin gidaje, a kuma riƙa ba gida maki kamar yadda ake manna wa firji taurari.

Ina cikin masu cewa a yi. Inda na raba gari da da yawa daga cikin masu wannan kira shi ne kan mudun awo, domin mudu shi ke yanke wa mai saye da mai sayarwa hukunci tun kafin a buɗe baki. Ra'ayina shi ne gidan talaka da na mai matsakaicin hali a auna shi da gajeren jerin sharuɗɗa waɗanda ido zai iya gani a jikin ginin, wato rufi da bango da taga da inuwa. Lissafin kwamfuta a bar wa manyan kamfanoni masu gina rukunin gidaje. Makin da za a manna a ƙofa kuwa, taurari ne ko lamba, ya gaya wa mutum yadda ɗakin zai kasance a daren da babu wuta, tunda irin wannan daren shi ne mafi yawa a rayuwarmu.

Ba wai babu komai a ƙasa ba. A watan Agustan 2017 Ma'aikatar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya, lokacin Babatunde Fashola yana minista, ta ƙaddamar da kundin ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus. Kundin ya shafi sabbin gidajen zama da ofisoshi, ya kuma buɗe ƙofa biyu. Ta farko jerin sharuɗɗa ce: faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na faɗin bango, in ya wuce sai an yi musu inuwa, a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi mai ƙarfin da injiniyoyi ke rubutawa da 1.25, fitilun gida kada su ci fiye da wat 6 a kowane murabba'in mita, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zama mai inbata, wadda sanyin da take bayarwa ya ninka wutar da take sha aƙalla sau 2.8. Ƙofa ta biyu ta lissafi ce: a zana gidan a kwamfuta, a gwada shi da wani gidan misali mai irin fasalinsa da ya cika sharuɗɗan, in bai fi shi shan wuta ba ya tsallake. A kan wannan aka ɗora tambarin taurari daga ɗaya zuwa biyar. Sai dai tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'ana Abuja tana iya rubuta kundi, amma mai sa hannu a takardar izini yana KNUPDA a Kano, yana KASUPDA a Kaduna, yana takwarorinsu a sauran jihohi. Su ne za su zaɓi ƙofar da za a bi, kuma su nake yi wa wannan magana.

Amurka ta ƙara ƙofa ta uku, wadda ke burge masu ilimin zamani a nan. Kundinsu na tsimin makamashi, da ake sabuntawa duk shekara uku kowace jiha kuma ta zaɓi bugun da za ta ɗauka, ya shigo da hanyar maki a bugun 2015. Ma'aunin ya samo asali ne daga HERS na ƙungiyar RESNET: gidan da aka gina bisa ƙa'idar 2006 shi ne 100, gidan da ke samar da duk makamashin da yake ci a shekara shi ne sifiri, gwargwadon ƙanƙantar lambarka gwargwadon kyawun gidanka. Bugun 2015 ya nemi maki tsakanin 51 da 55 bisa yanayin yanki, na 2018 ya sassauta zuwa tsakanin 57 da 62. Mai ba da makin ƙwararre ne mai takardar shaida da ke zuwa gidan da ƙafarsa. Yakan toshe ƙofar shiga da wani ƙyalle mai ƙatuwar fanka a tsakiya, ya rufe tagogi, ya zuƙe iskar ciki, sannan ya auna yadda ta waje ke kutsowa ta tsagogi da kafofin waya. Tsari ne mai kyau a inda aka haife shi, kuma magina suna son sa saboda yana ba su damar ciniki: su rage nan, su ƙara can, muddin lambar ƙarshe ta fito. Amma a lura da abin da fankar nan ke nema. A wurinsu gidan kirki shi ne wanda iska ba ta ratsa shi, kamar kwalba mai murfi, domin na'ura ce ke ɗumama shi ko sanyaya shi dare da rana. Ɗauko wannan kwalba ka ajiye ta a Gusau ranar da taransifoma ta ƙone, ka ga abin da za ta zama. Kayan aro ba ya rufe katara.

Matsalar ta wuce ta fanka. Duk ma'aunin da ya ce zai auna yawan wutar da gida ke ci, dole ya bi ɗaya daga hanya biyu, kuma duka biyun suna kuskure mu. In ya bi ta takardar biyan kuɗin wuta, aljihun mazaunin gidan ya auna. Ɗakin kwano marar silin da ke da fanka ɗaya da ƙwai biyu zai fito zakara, alhali jariri ba ya iya barci a cikinsa, gidan da aka gina da hankali amma mai shi yana da firji da na'urar sanyi kuma ya zo na baya. Faransa ta ɗanɗana wannan: shekaru tana ba tsofaffin gidaje maki ta takardun biyan kuɗi, har a watan Yulin 2021 ta watsar da hanyar ta koma auna jikin ginin, sannan ne ta iya dogara da makin har ta hana ba da hayar gidajen da suka faɗa aji na ƙarshe, wato G, daga farkon 2025. In kuwa ma'aunin ya bi ta lissafin kwamfuta irin na Amurka, to ya ɗauka cewa akwai wuta awa ashirin da huɗu, na'urar sanyi kuma ba ta tsayawa. A ƙasar da mutum sama da miliyan ɗari biyu ke rabon megawat dubu huɗu zuwa biyar, wa aka yi wa wannan lissafin? Ko masu rukunin A awa ashirin aka yi musu alkawari, sauran kuwa sun san yadda suke kwana. Abin lura ma, ƙasashen sanyi da kansu sun fara auna zafin ɗaki daban da shan wuta. Sabuwar ƙa'idar Faransa da ta fara aiki a 2022 tana ƙirga awannin da ɗaki ya wuce haddin jin daɗi a lokacin zafi, ta kuma sa iyaka. Ingila ma a shekarar ta ƙara sashe na musamman kan zafin da ya wuce kima a sabbin gidaje. In mutanen da ke ganin rana wata uku a shekara sun kai ga wannan, mu da ke ƙarƙashinta me muke jira?

A duba rufi, domin a gidan da ba bene ba nan ne yawancin zafin ke shigowa. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, a watannin bazara rana ta tsakar ka take bi. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan wat dubu ɗaya. Rufi mai murabba'in mita ɗari ke nan yana shan zafin da ya kai na dutsen guga kusan ɗari a kunne lokaci guda. Baƙin kwano yana shanye wajen tara cikin goma na wannan, har ya yi zafin da kafinta ba ya iya tsayawa a kansa, fari sabo kuwa yana mayar da fiye da rabi sama. Zafin da kwanon ya sha yakan sauko kan silin, iskar da ke tsakaninsu ta tafasa ba ta da mafita tunda an like ko'ina don tsoron jemage da ƙura, silin ɗin kuma ya yi ta sako shi kan masu barci har tsakar dare. Bangon yamma na bulo inci shida, da ya sha ranar la'asar a fuska, shi ma ya ƙara nasa. Ga tagar zugewa, wadda komai girmanta rabinta kawai ke buɗuwa, sau da yawa ma a bango ɗaya take, iska ta shigo ta rasa ta inda za ta fita. Maganin kowane ɗaya daga cikin waɗannan sananne ne kuma ana ganinsa da ido: kwano mai haske, shimfiɗar tare zafi ko takardar alminiyon mai ƙyalli a saman silin, kafofin iska masu raga a ƙarƙashin rufi, taga a bango biyu masu fuskantar juna, bakin rufi da ya zarce bango ya ba shi inuwa, ƙaramar taga ko baranda a yamma. Gaskiya ne ƙurar hunturu tana dusashe farin rufi, sai ruwan farko ya wanke shi, amma fari mai ƙura ya fi baƙi mai ƙura.

Indiya, wadda zafinta ya yi kama da namu, ta bi wannan hanya a ƙa'idar gidajen zama da ta fitar a ƙarshen 2018. Sashenta na farko bai tambayi irin na'urar da za a sa ba. Ya iyakance zafin da bango da taga za su bari ya shigo zuwa wat 15 a kowane murabba'in mita, ya sa wa rufi nasa haddin, ya kuma ce ɓangaren taga da ke buɗuwa ya kai aƙalla kashi 10 cikin ɗari na faɗin daɓen gida a yankuna masu zafi da bushewa. Sharaɗi na ƙarshen nan kaɗai, in aka sa shi a nan, ya isa ya sa mai zanen gini ya sake tunani kafin ya rubuta tagar zugewa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne raunin kundinmu na 2017, da ma duk wani tsarin maki mai ba da damar ciniki. Biyu daga cikin sharuɗɗansa huɗu, fitila da na'urar sanyi, ba gida ba ne, kaya ne. Ƙwan fitila ana sauya shi ranar da ya mutu. Na'urar sanyi a gidajen hayarmu ɗan haya ne ke zuwa da abarsa, ranar tashi ya kwance ta ya bar rami a bango. Rufi da bango kuwa suna nan shekara arba'in, hamsin, har magada su raba. In aka bar mai gini ya sayi tauraro da faifan sola da na'ura mai inbata, ya rufe gidan da baƙin kwano ba silin kirki, to an ba da shaida kan abin da za a iya kwancewa da sukudireba cikin wuni ɗaya. Amurkawan da suka ƙirƙiro hanyar maki sun gane wannan rami, shi ya sa suka sa mata linzami: bugun 2015 ya ce ko nawa ka ci, jikin ginin kada ya gaza ƙa'idar 2009, bugun 2018 kuma ya ƙara da cewa in da sola ka sauko da lambarka, to jikin ginin sai ya cika ƙa'idar 2015. Tun ran gini ran zane. Abin da ba a sa a rufi ba ranar da kafinta yake sama, da wuya a sake hawa dominsa.

Suka mafi nauyi da ake yi wa hanyar jeri ta fito ne daga masu zanen gini, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa jeri makaho ne, yana hukunta mai basira tare da marar ita, kuma abin da zai fara kashewa shi ne ginin ƙasa na iyayenmu. Suna da hujja. Katangar tubali mai kauri da rufin soro a kan azara ba sa tare zafi yadda soso ke tarewa, jinkirta shi suke yi: su sha zafin rana a hankali, sai dare ya yi sannan ya iso ciki, lokacin da iskar waje ta fara sanyi. Shi ya sa zaure ke da ni'ima da azahar, shi ya sa kuma a tsakiyar bazara ake kwana a tsakar gida ko saman soro, domin a lokacin ne ɗakin ke amayar da abin da ya sha. In aka ce sai rufin ƙasa ya kai lambar nan ta 1.25 da kaurinsa kaɗai, sai ya tasam ma mita guda, wato an haramta shi ke nan a fakaice, an halatta kwano mai soso. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Amma maganinsa a gyara jerin, a buɗe wa ginin ƙasa layinsa. Kundin Amurka kansa yana da gurbi daban na bango mai nauyi, inda yake neman abin tare zafi kaɗan saboda ya san nauyin yana aiki. Kuma ginin ƙasa ba tarihi ba ne kawai. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa na matsi, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya ɗaga kwano sama da rufin ƙasa ya bar iska tana ratsa tsakaninsu, a makarantar da ta fara fito da sunansa kafin ya ci lambar Pritzker a 2022. Irin waɗannan su ne ya kamata ƙofar lissafi ta kasance a buɗe dominsu. Ban ce a rufe ta ba. Na ce kada a tilasta wa mai ɗaki biyu da falo bin ta.

Sai masu cewa tsada. Mutum yana tara bulo ɗari-ɗari shekara biyar, buhun siminti ya gagare shi, sannan a zo masa da wani sabon sharaɗi? Tambayar tana kan hanya, amma a rarrabe. Fuskantar da gida yadda dogon bangonsa zai kalli kudu da arewa ba ya cin ko sisi in fili ya ba da dama. Zaɓen kwano mai haske a maimakon mai duhu magana ce ta launi. Taga a bango biyu maimakon ɗaya lamari ne na inda birkila zai bar gurbi. Abin da ke cin kuɗi da gaske shi ne shimfiɗar tare zafi da tsawaita bakin rufi, kuma mai kukan wannan kuɗin sau da yawa shi ne ya sa kafinta ya ɗaga masa rufi ya yi tsini kamar na ƙasar da ƙanƙara ke zuba, ya ƙarar da katako da kwano a kan abin da ba ya tare komai sai idon maƙwabta. A ɗaya gefen kuma ga lissafi mai sauƙi: na'urar sanyi da ke jan kilowat ɗaya, awa takwas kowane dare, yunit 240 ke nan a wata, a kan naira ɗari biyu ya kama naira 48,000, ɗaki ɗaya, wata ɗaya. Duk abin da ya rage awannin nan da kashi ɗaya cikin uku zai biya kansa kafin yaro ya gama firamare. Na yarda wanda ba shi da na'urar ba zai ga wannan riba a aljihu ba. Shi tasa ribar barci ce.

Kuma kada a raina barcin. Masu cewa wuta ma babu, me za a tsimi, sun ɗauka maganar ta yunit ce kawai. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 ya ƙirga. Da yawansu tsofaffi ne, ga azumi, ga ɗaukewar wuta. Sahel ɗaya muke da su, kwano ɗaya muke rufi da shi. Rashin wutar shi ne ma babbar hujjar a gina ɗakin da zai rayu ba tare da ita ba.

Akwai suka ta ƙarshe da ta fi kowace ɗaci: duk sabon sharaɗi sabon shinge ne na karɓar na goro, kuma yawancin gidajenmu ma ba da izini ake gina su ba. Ba na musun ko ɗaya. Amma wace hanya ce ta fi ba mai son cin hanci duhun da yake so? Lambar da ta fito daga kwamfutar wani ƙwararre, wadda mai gida bai san yadda aka same ta ba, ɗan haya ba zai iya ƙaryata ta ba, jami'in da zai duba ma bai da manhajar? Ko takarda shafi ɗaya da ke cewa rufi mai haske ne ko a'a, akwai shimfiɗa a saman silin ko babu, taga tana buɗuwa ko ba ta yi? Ta biyun ko almajirin birkila zai iya leƙawa ya faɗa. Har a Faransa, mai ƙwararru dubbai da kotuna masu aiki, ana kokawa da masu ba da maki na alfarma don mai gida ya tsallake haramcin haya. Mu da masu wannan ƙwarewa ba su taka kara sun karya ba, in muka rataya dokar a wuyansu, mun buɗe kasuwar sayar da sa hannu. Gidajen da ba sa bi ta ofis kuwa, ta kasuwa suke bi. Kowane kwano daga wani shago ya fito. Gana ta nuna abin da tambari a kan kaya ke iya yi: tun 2005 ta wajabta taurari a kan na'urorin sanyaya ɗaki da fitilu, daga baya firji ya biyo, ta kuma hana shigo da tsofaffin firji. In hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya ta sa a riƙa buga wa kwanon rufi alamar yawan zafin da yake mayarwa, mai saye a kasuwar Ƙofar Ruwa zai zaɓa da idonsa ba tare da ya taɓa ganin jami'in tsara birni ba. Takardar shafi ɗayan nan kuma a buga ta da Hausa, boko da ajami, da zane, a kai wa ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci, domin su ne ainihin masu zanen gidajen talakawa.

To ina amfanin taurarin, in jerin ya wadatar? Amfaninsu na ɗan haya ne da mai saye. Wanda ya gina gidan haya ba shi zai kwana a ciki ba, ba shi zai sayi yunit ba, don haka babu abin da ke tura shi ya kashe ko naira a saman silin. Dillali kuma yakan kai mutum ganin gida da safe ko a watan Disamba, a biya kuɗin shekara, sai Afrilu ya zo a gane an yi cinikin biri a sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗan haya ba ya sani sai ya biya. Tambari a ƙofa da ke cewa wannan gida tauraro ɗaya ne, wancan huɗu, bisa abin da ke jikin ginin kaɗai, zai sa zafi ya shiga cikin ciniki kamar yadda ruwa da wuta da kusancin titi suka shiga. Wurin farawa a bayyane yake: gidajen da gwamnatocin jihohi ke ginawa da kuɗin jama'a, rukunin gidajen kamfanoni da dole su nemi izini, da duk gidan da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya zai ba da bashi a kansa. Nan takarda tana bi ta ofis, nan kuma ake gina gida ɗari da zane guda, kuskure ɗaya ya zama ɗari.

Abin da ya rage shi ne a san inda za a ja layi tsakanin tauraro biyu da uku, kuma wannan ba za a kwafo shi daga Indiya ko Faransa ba, domin daren Maiduguri daban da na Jos, na Jos daban da na Lakwaja. Sassan koyar da zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano suna da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. A ba su ƙananan na'urorin auna zafi, su rataya a ɗakunan kwano marar silin, da mai silin, da mai shimfiɗa, da soro, da bene, daga Maris zuwa ƙarshen Mayu, su rubuta zafin kowace awa, musamman tsakanin isha'i da asuba. Bazara biyu ta isa a samu alƙaluman da hukumar tsara birni ta kowace jiha za ta ɗora taurarinta a kai.